Kiran da Ya Zo da Sunan Mamaci

A garin Mawbanna in ka ce Glenys, kowa ya san matar da kake nufi: gajeriyar nan mai farin gashi da ke sayar da zuma a kasuwar Asabar, wadda in waya ta yi ƙara sai ta zabura kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ana yi mata tsiya a kan haka. Kaɗan ne suka san dalili.

Ba 'yar garin ba ce. A Stanley aka haife ta, a bakin teku, gidan masunta. Tana 'yar shekara tara mahaifinta ya fita da sassafe duba tarkunansa kamar yadda ya saba, bai dawo ba. Jiragen garin kaf suka bazama nema har mako ya zagayo. Abin da aka samu kawai murfin akwatin ƙanƙararsa, wanda ruwa ya jefo kan yashi can nesa da inda kowa ke zato. Ba gawa, ba kabari. Mutuwar kanta ba ita ta fi zauna wa Glenys a rai ba. Wata magana ce da ta jiyo ta bayan ƙofa, wani tsohon masunci yana gaya wa kawunta cewa mai yiwuwa mutumin ya daɗe a raye a kan ruwa, ana ta nemansa a inda ba ya nan.

Shi ya sa da ta isa aure ta ce ita da mai jirgi har abada. Samarin Stanley duk ta sallame su. Ta auri Athol Hingston, mai kiwon ƙudan zuma, dogo, mai sanyin baki, wanda ko iyo bai iya ba. Ta ɗauka ta tsira.

Sai da watan Janairu na farko ya zo ta gane kurenta. Lokacin ne itacen ledawud ke fitar da fararen furanninsa a can cikin dajin Tarkine, kuma zumarsa ce ke riƙe da gidan duk shekara. Athol sai ya loda akwatunan ƙudan a babbar mota, ya bi tsofaffin hanyoyin masu yankan katako, ya shige inda ba gida, ba waya, ba mai wucewa. Wani lokaci ya kwana, wani lokaci sai an ga shi.

"In wani abu ya same ka a can, wa zai sani?" ta tambaye shi.

"Ƙudan za su sani," in ji shi, yana shafa man shanu a biredi.

"Ba wasa nake ba, Athol."

"Haba Glen. Ƙasa ce fa, ba ruwa ba. Ba ta kifewa da mutum."

Haka ta yi ta zama da abin a ciki. Ta haifi 'ya ɗaya, Narelle. Ta koyi tace zuma da zuba ta a kwalabe, ta yi aikin girki a makarantar firamare, ta binne uwarta. Duk lokacin furen ledawud kuwa sai ta rame, ta riƙa leƙa hanya tana goge kwanon da ta riga ta goge.

Narelle ta riga ta yi aure ta koma Launceston lokacin da wani ɗan uwan Glenys mai jirgi ya nuna mata na'urar neman ɗauki. Tasa babba ce, kuma doka ce ta tilasta masa ɗaukarta da yi mata rajista. Amma ya ce akwai ƙarama ta masu shiga daji, ba ta fi sabulun wanka ba. Ka zaro eriyarta, ka danna maɓalli, sai ta aika kuka zuwa tauraron ɗan adam, shi kuma ya miƙa wa ofishin ceto na ƙasa a Canberra. Glenys ba ta bari ya gama bayani ba. A makon ta sayo guda, rawaya, ta ajiye ta kusa da farantin Athol.

Ita ta yi rajistar da kanta, don ba a biyan ko sisi. Aka tambayi sunan mai ita, shekarunsa, irin motarsa, ko yana da wata cuta, da kuma wanda za a fara kira in na'urar ta yi kuka. A nan ta sa sunanta da lambar wayar gida. Aka gaya mata duk shekara biyu a sabunta, in an sayar ko an bayar a sanar, in ta tsufa kada a jefa ta a shara da batir a ciki.

"An yi wa kare rajista, an yi wa mota, yau ga shi an zo kaina," in ji Athol. "Saura ki ɗaura min ƙararrawa a wuya."

"In ka bar ta a cikin mota ko sau ɗaya, zan ɗaura maka. A ɗamararka za ta zauna."

Ya ɗaura, yana gunaguni. Ya naɗe ta da baƙin tef don kada ta goge, ya sa mata suna 'yar rawaya.

Tsoron Glenys bai tafi ba, sauya wuri kawai ya yi. Da hanya take kallo, yanzu ta koma sauraron waya. Sau ɗaya aka taɓa kiranta a zamanin Athol. Tana suyar naman rago da rana, ta ɗauka, ta ji an ce daga Canberra ne. Cokalin ya faɗi. Ta juya don ta dafa bango, sai ta hango Athol ta taga, tsaye a tsakar gida da 'yar rawaya a hannu, yana sosa ƙeya. Gwada ta ya zo yi, ya danna inda bai kamata ba. Mutumin ofishin ya yi dariya, ya ce a kashe ta kawai, ba tara ba komai, gara irin wannan kiran sau ɗari. Athol ma ya yi ta dariya har ya shigo ya tarar da matarsa zaune a ƙasa tana amai a bokiti. Daga ranar bai ƙara yin wasa da maganar ba.

Dajin bai ci Athol ba. Ciwon daji ne ya ci shi, a kan gadonsa, Glenys na riƙe da hannunsa. Narelle, wadda aurenta ya riga ya mutu, ta bar tuƙin bas a Launceston ta dawo gida ta karɓi ƙudan. Ita ma doguwa ce kamar ubanta, sai dai bakinta ba sanyi.

Ranar da suke share siton Athol, Glenys ta ga 'yar rawaya rataye a ƙusa. Ba ta tsaya tunani ba. Ta cire ta ta wurga cikin kwalin tarkacen da maƙwabcinsu Kev zai kai juji. Ta san an hana, amma a ranar ba abin da take so illa ta daina ganinta.

"Mama, ai ni ma daji zan shiga," in ji Narelle.

"Wannan ta tsufa. Ki sayi sabuwa."

"Zan saya. Kuma ba sunanki zan sa ba, na ƙawata Trish zan sa. Kin sha wahalar wayar nan ta ishe ki."

A ranta Glenys ta ji daɗi. Ba ta sake tambaya ba. Ba ta kuma tambayi inda Narelle ke kai akwatunan ba, ko da ta ji cewa gobara ta cinye wasu wuraren Athol kuma an ba Narelle sababbi. In ba ta san wurin ba, ba za ta kwanta tana zana shi a kai ba.

Shekara biyu ta yi a haka, har ta ɗan yi ƙiba.

Ranar da abin ya faru, cikin Fabrairu ne, kuma tun safe iska ke kaɗawa daga yamma, irin wadda ke sa kwanon rufi kuka. Narelle ta fita kafin gari ya waye sosai, ta ce za ta ƙara wa ƙudan akwatuna ta dawo da yamma. Glenys na manna takarda a kwalaben zuma, rana ta ɗan karkata, wayar gida ta yi ƙara.

Muryar mace ce, a natse. "Da Uwargida Glenys Hingston nake magana?"

"Ita ce."

"Sunana Marian, daga ofishin ceto na ƙasa. Na'urar neman ɗauki da ke da rajista da sunan Athol Hingston ta fara aiko da kira. Ke ce aka rubuta mu fara tuntuɓa. Kin san inda yake yanzu?"

Glenys ta juya. Ta kalli taga, wurin da ta taɓa hango shi yana sosa ƙeya. Ba kowa sai kayan shanya da iska ke fizga.

"Na sani," ta ce, da ƙyar. "Yana maƙabarta. Shekara biyu ke nan."

Marian ta sassauta murya. "Ki yi haƙuri, ban sani ba. Ba a sanar da mu ba. Na'urar fa, tana hannun wa?"

"Ba ta hannun kowa. Juji aka kai ta."

Marian ta ce hakan na faruwa sosai: motar ture shara ta taka tsohuwar na'ura, ta kama kuka a ƙarƙashin bola. Amma har yanzu ba su sami wurin da kiran ke fitowa ba, don yana zuwa yana yankewa, kamar wani abu ya tare shi daga sama. Kuma a wurinsu kowane kira na gaske ne har sai an tabbatar ba shi ba ne.

"Akwai wani na gidan da ke daji ko kan ruwa yau?"

"'Yata tana wurin ƙudan zuma. Amma ita tana da tata, sabuwa."

"Ya sunanta?"

Glenys ta faɗa. Ta ji ƙarar yatsu a kan kwamfuta.

"Ba mu da wata na'ura da sunan Narelle Hingston."

"To ki duba da sunan tsohon mijinta. Narelle Dobson."

Yatsun suka sake ƙara. "Babu, Uwargida."

Glenys ta nemi kujera da ƙafa ta zauna. Marian ta ce kada ta ajiye wayar. Da ɗaya hannun Glenys ta jawo wayar salula ta kira Narelle. Ba ta shiga ba, dama a dajin ba ta shiga. Sai ta kira Kev, mutumin da ya kai kwalayen juji.

"Glen! Iska ta ɗauke miki rufi ne?"

"Kev, kwalin tarkacen Athol da ka kai juji. Akwai 'yar rawaya a ciki. Ka jefar da ita, ko?"

Kev ya fara kame-kame.

"Kev, don Allah."

"Ban jefar ba. Narelle ta ciro ta tun ban tada mota ba. Ta ce in rufe bakina, kada ranki ya ɓaci. Lafiya dai?"

Glenys ta ajiye wayar salular. Ta mayar da bakinta kan ɗaya wayar, ta ji muryarta ta fito siririya kamar ba tata ba. "'Yata ce. Ba juji ba ne. 'Yata ce."

Daga nan tambayoyi suka yi ta zuwa, kowacce na ƙara nuna mata ɓarnar da aka yi. Abin da ke gaban Marian shi ne dattijo mai hawan jini, da farar mota, da wuraren da gobara ta riga ta cinye. Sai da aka share duka aka fara daga farko. Mace ce, shekara arba'in da uku. Motar shuɗiya ce. Ita kaɗai ce. Ba ta da wata cuta, harbin ƙudan bai taɓa yi mata illa ba. Wane kaya ta sa? Farin kayan aiki. Tana da ruwan sha? Tana da shi.

"A ina ta ajiye akwatunan bana?"

Nan Glenys ta tsaya.

"Ban sani ba," ta ce. "Ban taɓa tambayarta ba."

Marian ta ci gaba da bayani. Ta ce wuri ya fara fitowa, amma da faɗi: kudu da kogin Arthur, fili mai kilomita da yawa, cike da rassan tsofaffin hanyoyin katako. Itatuwan wurin dogaye ne, su ke tare kiran. An tashi jirgi mai saukar ungulu daga birnin Hobart, amma iska da gajimare za su rage masa gudu. 'Yan sanda sun kama hanya ta ƙasa da injin yankan itace, don an ce itatuwa sun faɗi sun tare hanya. Sai ta ƙara da wata magana.

"Akwai abin da ya kamata ki sani. A rajistarmu, batir ɗin wannan na'ura ya wuce wa'adinsa da daɗewa. Sabuwa takan yi yini da kwana tana kira. Wannan ba zan iya ce miki ga iya inda za ta kai ba."

Kev ya faɗo gidan ba ko sallama, hularsa a hannu. Da ya ji an ce kudu da Arthur, ya ce ya taɓa taya Narelle kai akwatuna can bara, ya san mashigar, ko da yake ba zai rantse wane reshen hanya ba ne. Marian ta ce ya je ya tari 'yan sanda a gada. Glenys ta miƙe ta ɗauko rigar sanyi.

"Ina za ki?" in ji Kev.

"Tare za mu."

"A'a, Glen. In sun buƙaci wani abu, wa za su kira?"

Marian ma haka ta ce. Glenys ta tsaya a ƙofa da rigar a hannu har ƙurar motar Kev ta ɓace.

Zaman da ta yi bayan nan, ba ta cika son ba da labarinsa ba. Ta zauna tsakanin wayoyin biyu. Ta tashi ta ɗora ruwan shayi, ta manta da shi har tukunyar ta ƙone. Duk sanda iska ta buga ƙyaure sai ta zabura. Ta ga Narelle a ƙarƙashin mota, ta gan ta maciji ya sare ta, ta gan ta a ƙasan kwari ƙafa a karye. Ta tuna cewa da bakinta ta ce wa Marian na'urar na juji, ta yi ta juya maganar: da an yarda da ita fa? Ta so ta yi addu'a, ba abin da ya zo mata sai "Ya Ubangiji, ya Ubangiji," ta yi ta maimaitawa. Trish, ƙawar Narelle, ta kira don ta ji labari a gari. Glenys ta daka mata tsawa ta sauka daga layin.

Da la'asar sakaliya Marian ta sake kira.

"Na yi miki alkawarin gaskiya. Kiran ya daina zuwa mana."

"Me ke nan?"

"Mai yiwuwa batir ɗin ne. Mai yiwuwa na'urar ce ta faɗi ta kife. Ba ya nufin wani abu ya same ta. Jirgin ya iso yankin, yana zagaye. Mutanen ƙasa sun wuce gada, sun duba hanya ɗaya ba kowa, sun shiga ta biyu."

"Suna nemanta inda ba ta nan," in ji Glenys.

"Suna rage wuraren da ba ta nan. Ki zauna tare da ni a layin in kina so."

Ta zauna. Glenys na jin muryoyi can nesa a bayan Marian, ana kiran lambobi, rediyo na ƙara. Ta kalli hasken rana a jikin bango yana hawa sama a hankali. A wannan watan rana kan daɗe ba ta faɗi ba, amma ta san in duhu ya shiga dajin nan, sanyi zai biyo shi, kuma jirgin zai juya. Ta ji numfashinta na fita guntu-guntu, kamar na yarinyar da ta tsaya a bayan ƙofa a Stanley.

Can ta ji an yi magana da ƙarfi a bayan Marian. Sai Marian ta ce, "Ki ɗan jira," ta rufe bakin wayar. Glenys ta runtse ido.

"Uwargida Hingston. An same ta. Tana da rai."

Glenys ta buɗe ido a hankali.

"Kina ji na? Tana da rai, tana magana. An ce ma zagin maƙwabcinku take yi, wai ya daɗe."

A reshen hanya na uku suka same ta, a can ƙarshe. Iska ce ta karyo wani ƙaton reshen itace daga sama, ya sauko kan akwatuna biyu ya farfasa su, ya danne mata ƙafa tun daga cinya. Motar na nan kusa, amma ko taku ɗaya ba ta iya yi ba. 'Yar rawaya na ɗaure a ɗamararta, shi ya sa hannunta ya kai. Ƙudan da gidansu ya fashe suka huce a kanta. Ta ja ragar fuska ta rufe, amma reshen ya riga ya yaga ta ta gefe. Sai da Kev ya kunna gwangwanin hayaƙi ya kore su kafin 'yan sanda su iya sa inji a reshen. Jirgin ya sauko da igiya ta tsakanin itatuwa ya ɗauke ta rana na gab da faɗuwa.

Washegari Glenys ta gan ta a asibitin Hobart, bayan an fito da ita daga tiyata. Da ba a nuna mata gadon ba, da ta wuce. Fuskar ta kumbura har idanu sun ɓace, leɓe kamar an hura.

"Mama," in ji Narelle.

Glenys ta zo da niyyar rungumarta. Abin da ya fito daga bakinta daban.

"Kin ce min kin sayi sabuwa."

"Cewa na yi zan saya."

"Shekara biyu, Narelle!"

"Kullum sai in ce wannan makon. Kuma ta Baba ce. Tef ɗinsa na jiki, har yanzu tana warin hayaƙinsa." Ta yi ƙoƙarin juyo da kai. "Da na danna ta na tuna sunan wa ke kanta, da wanda za a kira. Wallahi Mama, sai da na yi tunanin in kashe ta."

"Da kin kashe ta, da ni na kashe ki."

Narelle ta yi wani sauti, dariya ce ko kuka ba a iya bambancewa. Ta ce tana kallon 'yar fitilar na'urar tana ƙyaftawa, tana ƙyaftawa, har ta ga ta dushe ta mutu. Bayan nan ba abin da take ji sai ƙudan da ƙarar itatuwa, kuma wani reshen na lilo a samanta. Glenys ta ce ya isa. Ta zauna a bakin gadon, ta rasa inda za ta taɓa a jikin da bai kumbura ba, sai ta riƙe babban yatsan ƙafar mai lafiya.

An sa wa ƙafar ƙarfe. Likita ya ce za ta yi tafiya, amma da ɗingishi, kuma ba bana ba. Tun tana kwance aka sayo sabuwar na'ura, aka yi mata rajista da sunanta da motarta da duk wuraren akwatunan, aka sa mutum uku da za a kira: Kev, Trish, da Glenys, wadda ta ce in aka cire ta za a ga tashin hankali. Aka sanar da ofishin cewa Athol ya rasu. Tsohuwar kuwa Kev ya karɓo ta daga hannun 'yan sanda ya kai shagon da ke karɓar irinsu.

Saura akwatunan da ke daji. Furen ya ƙare, sanyi na tafe, in aka bar su za su mutu. Kev ya ce zai ɗauko, amma aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Glenys, wadda ta yi shekara arba'in da wani abu tana cin zumar dajin nan ba ta taɓa taka shi ba, ta ce za ta je.

Da asuba suka isa, kafin ƙudan su fara fita. Ta sauko daga mota cikin kayan aikin Narelle, ta naɗe hannuwa da ƙafafun don sun yi mata tsawo. Wurin ya fi yadda take zato duhu, ga danshi, ga shiru. Ga reshen nan a gefe an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta fi ƙugunta kauri. Ga fasassun allunan akwatuna, zuma ta bushe a kansu, tururuwa na bi. A cikin laka ta ga wani rami mai zurfin tafin hannu, da sawun yatsu a gefensa, inda Narelle ta yi ta tona don ta zare ƙafarta.

Ta ɗaga kai. Itatuwan sun haɗe a can sama, sararin da ya rage bai fi faɗin tebur ba. Ta nan kiran ya bi ya fita.

"Glen, kama min nan," in ji Kev.

Ta kama. Suka yi ta lodi, akwati bayan akwati, ƙudan na gurnani a ciki. Bayanta ya riƙe, ba ta tsaya ba. Suna cikin ɗaure igiya ta ji wani abu ya yi ƙara a sama, ganye suka fara motsi.

"Kev, yi sauri. Iska ta fara."

"Wannan ai ba iska ba ce, 'yar shaƙatawa ce."

"Na ce ka yi sauri."

Ya kalle ta, ya ja igiyar ƙarshe, suka shiga mota. Duk tsawon hanyar katakon tana manne da gilashi tana kallon sama. Sai da tayoyin suka hau kwalta ta ce masa ya tsaya a gefe. Ta sauko ta tsuguna a bakin hanya har ta dawo hayyacinta, sannan suka wuce da ƙudan gida.